Takardun Jami'o'in Hartum Da Umdurman: Amanar Da Yaƙi Ya Rutsa Da Ita

Duk wanda ya taɓa zuwa neman takardar sakamakon karatunsa a wata jami'a ya san irin ɗakin da ake tura mutum. Yawanci yana can ƙarshen baranda, bayan ofishin shugaban sashe, ƙofarsa a kulle, makullin kuma yana hannun wani dattijon akawu wanda ya riga kowane farfesa zuwa wurin. Ciki babu komai sai kabad-kabad na ƙarfe da fayil-fayil ɗaure da zare, ƙura ta naɗa musu rawani. Ba a kai baƙo ya gani, ba a sa hotonsa a kalandar jami'a. Amma ran da aka ce wa mutum ya kawo shaidar cewa ya yi shekara huɗu yana karatun likita, to ranar ce zai gane cewa rabin arzikinsa yana kulle a wannan ɗaki.

Irin wannan rana ta zo wa dubban 'ya'yanmu a shekarar 2023. A ranar Asabar 15 ga Afrilu, ana cikin azumi, faɗa ya ɓarke a Hartum tsakanin sojojin gwamnatin Sudan ƙarƙashin Janar Abdul Fattah al-Burhan da dakarun RSF na Janar Muhammad Hamdan Dagalo, wanda aka fi sani da Hemeti. Kafin wata ya ƙare an fara kwasar ɗaliban Nijeriya a motocin safa, wasu aka nufi iyakar Masar da su, wasu Fot Sudan a bakin Bahar Maliya. Rukunin farko ya sauka Abuja ranar 3 ga Mayu, kuma kafin a rufe jigilar an dawo da mutum fiye da 2,500, mafi yawansu ɗalibai daga jihohin Arewa. Wanda ke gudun ceton rai ba ya tsayawa jiran sa hannun magatakarda. Da hukumar JAMB ta buɗe musu hanyar ƙarasa karatu a jami'o'in gida, cikin abubuwan da ta nema akwai takardar shiga jami'ar da suka baro, da takardar sakamako, da rantsuwar kotu cewa takardun na gaskiya ne. Nan fa aka yi cirko-cirko, domin ofisoshin da za su ba da waɗannan takardu suna tsakiyar fagen daga.

Me Ke Cikin Fayil Ɗin Sashe?

Ya kamata mai karatu ya san yadda maki ke tafiya kafin ya zama digiri, don a nan ne maganar take. Malami yana gyara takardun jarrabawa ya cika takardar maki da hannunsa. Taron malaman sashe ya duba ya amince, a rubuta a littafin taro. Daga nan sai majalisar tsangaya, wato inda shugabannin sassa ke haɗuwa ƙarƙashin shugaban tsangaya, su ma su duba, su yanke wanda ya wuce da wanda zai maimaita da wanda za a sallama. A ƙarshe majalisar malaman jami'a ta sa albarka, a miƙa wa ofishin harkokin karatu, wanda a jami'o'in Sudan ake kira Amanatus Shu'unil Ilmiyya. Kowane mataki yana barin takarda a bayansa. Hikimar wannan tsari ita ce in ɗaya ta ɓace, ko wani ya sa mata hannu da mugun nufi, sai a koma ga 'yar'uwarta a gwada. Illarsa kuwa, wadda ba a cika tunawa da ita ba sai masifa ta afku, ita ce duk kwafin nan huɗu ko biyar galibi suna cikin harabar makaranta guda, wani lokaci ma a gini guda. Wutar da ta ci ɗaya tana iya cin sauran.

Ban da maki, sashe yana tara wasu abubuwan da mai tarihi ya fi kwaɗayi: manhajar kowace shekara, tambayoyin jarrabawa, rahoton malamin da ake gayyatowa daga wata jami'a don ya auna ingancin jarrabawar, wasiƙun neman malamai da na ɗaukarsu aiki, rahotannin tafiye-tafiyen bincike, da kundayen digiri na biyu da na uku. Littafin taron sashe abu ne mai gundura a karanta, amma a cikinsa ake ganin ran da aka fara koyar da wani fanni, da wanda ya kawo shawarar, da wanda ya ƙi.

Daga Kwalejin Gordon Zuwa Jami'ar Hartum

Tarihin tsangayoyin Jami'ar Hartum ya girmi jami'ar kanta da fiye da rabin ƙarni. Bayan Turawan Ingila sun ci Umdurman da yaƙi a 1898, Kitchener ya nemi gudummawa daga mutanen ƙasarsu don gina makaranta da sunan Janar Gordon, wanda mayaƙan Mahadi suka kashe a Hartum a 1885. Aka tara fiye da fam 100,000, aka buɗe Kwalejin Gordon a 1902 a bakin Shuɗin Nilu, James Currie yana shugabanta. Sunan kwaleji ne kawai a lokacin, don da karatun firamare ta fara, sai sashen koyon sana'a, da sashen horar da malamai da alƙalai. A saman benen ginin kuma aka kafa ɗakunan binciken cututtukan ƙasashe masu zafi na Wellcome, ƙarƙashin Dokta Andrew Balfour.

Makarantar likitoci ta Kitchener ta zo a 1924, da hukumarta daban da takardunta daban. Daga 1936 zuwa 1940 aka yi ta buɗe manyan makarantu ɗaya bayan ɗaya: shari'a, aikin gona, likitancin dabbobi, kimiyya, injiniya, da adabi. Abin lura a nan shi ne da yawansu ba a ƙarƙashin hukumar ilimi suka fara ba, kowace tana jingine da ma'aikatar gwamnatin da za ta ɗauki ɗalibanta aiki. Saboda haka mai neman tarihin farkon Tsangayar Aikin Gona ko ta Shari'a dole ya leƙa fayilolin gwamnatin mulkin mallaka, ba na jami'a kaɗai ba. A 1945 aka haɗa manyan makarantun a inuwa ɗaya, a 1951 aka shigo da makarantar likitoci aka sa wa duka suna Kwalejin Jami'a ta Hartum, sa'annan ranar 24 ga Yuli, 1956, kusan wata bakwai bayan samun mulkin kai, ta zama cikakkiyar jami'a mai ba da digirin kanta.

A tsakanin nan kwalejin ta yi shekaru tana ƙarƙashin kulawar Jami'ar Landan, irin dangantakar da Ibadan da Legon da Makerere suka yi. Landan ke amincewa da manhaja, tana da baki a tambayoyin jarrabawa, kuma digirinta ake bayarwa. Wannan ya sa wasiƙun wancan zamani kusan kowace tana da 'yar'uwa a Ingila, abin da takardun shekarun baya-bayan nan ba su samu ba.

Waɗannan rajistoci ba na boko kaɗai ba ne, tarihin ƙasar Sudan ne a dunƙule. Isma'il al-Azhari, firayim ministan farko, malamin lissafi ne a Kwalejin Gordon. Tsofaffin ɗaliban kwalejin su ne ƙashin bayan Majalisar Masu Ilimi da aka kafa a Umdurman a 1938, wadda daga cikinta jam'iyyun neman 'yanci suka tsiro. Khalida Zahir da Zarouhi Sarkissian, matan farko da suka zama likitoci a ƙasar, sun fita daga makarantar Kitchener a 1952. Juyin juya halin da ya kawar da Janar Ibrahim Abbud ya faro ne a harabar jami'ar ranar 21 ga Oktoba, 1964, lokacin da 'yan sanda suka harbe ɗalibi Ahmad al-Ƙurashi. Duk gwamnatin sojan da ta zo bayan haka, ta Numairi a 1969 da ta al-Bashir a 1989, ta sallami malamai saboda siyasa, kuma wasiƙar sallamar tana ƙarewa ne a fayil ɗin sashen da malamin ya bari.

Zumuncin Kano Da Hartum

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu da tsofaffin fayilolin Sudan, in ban da batun yaranmu da ke neman sakamako? Ruwanmu kuwa har da tsaki, domin wani babban yanki na tarihin ilimin Arewacin Nijeriya ta wannan hanya ya biyo.

Lokacin da aka buɗe Makarantar Koyon Shari'a ta Kano a 1934, malaman da aka ɗauko don su kafa ta 'yan Sudan ne da suka fito daga Kwalejin Gordon: Shehu Bashir al-Rayyah, da Shehu Muhammad Salih Suwar al-Dahab, da Shehu Nur al-Tingari. Makarantar ce a 1947 ta zama Makarantar Nazarin Larabci, wadda kowa ya sani da SAS, kuma da wuya a sami babban alƙali ko malamin Larabci na ƙarnin da ya wuce a Arewa wanda bai sha daga wannan rijiya ba. Tsarin zama a aji da allo da jarrabawa a rubuce da takardar shaida, a fannin fiƙihu da nahawu, daga Hartum ya zo mana. Wanda ke son sanin abin da waɗannan shehunai suka karanta kafin su koyar da kakanninmu, manhajar sashen alƙalai ta Kwalejin Gordon zai nema.

A 1954 aka tura ayarin matasan malamai daga Arewa zuwa cibiyar horar da malamai ta Bakht al-Ruda, kusa da garin al-Duwaim a bakin Farin Nilu, cikinsu har da marigayi Shehu Abubakar Mahmud Gumi. A 1958 kwamitin masana shari'a da gwamnatin Sardauna ta kafa don duba tsarin kotunan Arewa, Babban Jojin Sudan, Muhammad Ahmad Abu Rannat, shi ya shugabance shi, kuma kundin hukunta laifuffuka da aka fara aiki da shi a 1960 a kan na Sudan aka ɗora shi. Sai kuma Farfesa Abdullahi al-Tayyib, mashahurin malamin adabin Larabci wanda ya daɗe yana shugabantar Tsangayar Adabi a Hartum: shi ne ya riƙe Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano daga 1964 zuwa 1966, kwalejin da yau ta zama Jami'ar Bayero. Ya koma gida ya zama shugaban Jami'ar Hartum a 1974. Aron malami irin wannan ba ya yiwuwa sai da wasiƙu tsakanin hukumomi biyu, da taron tsangaya da ya amince a sake shi, da wanda ya riƙe masa darussansa. Rabin labarin yana Kano da Zariya, ɗaya rabin yana Hartum.

Har ila yau maɗaba'ar Jami'ar Hartum ta yi wa tarihinmu hidimar da ba a cika ambata ba. Ita ta buga littafin Umar al-Naƙar kan tarihin aikin hajjin mutanen Afirka ta Yamma a 1972, kuma a 1978 ta fito da Bayanu Wujubil Hijra na Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda Fathi al-Masri ya tace ya fassara zuwa Ingilishi.

Cibiyar Da Ta Ɗauki Muryar Hausawan Sudan

In akwai wuri guda a jami'ar da ya fi shafar mai jin Hausa, to Cibiyar Nazarin Afirka da Asiya ce. Ta fara ne a 1964 a matsayin ɗan ƙaramin rukunin bincike kan Sudan a cikin Tsangayar Adabi, ƙarƙashin masanin tarihi Yusuf Fadl Hasan, ta zama cibiya mai zaman kanta a 1972. Tana da sashen nazarin al'adun gargajiya, da sashen harsunan Sudan da na Afirka, kuma shekara da shekaru malamanta da ɗalibanta suna fita ƙauyuka da rikoda suna ɗaukar tatsuniyoyi da waƙoƙi da tarihin baka. Kaset ba kamar littafi ba ne. Littafi ana buga ɗari biyar ya watsu a duniya, kaset ɗin hira da tsoho kuwa guda ɗaya ne tak, in ya lalace tsohon ya mutu sau biyu.

Hausawa da Fulani da Barebari sun daɗe a Sudan, wasu alhazai ne da guzuri ya ƙare musu a hanya, wasu kuma zuriyar waɗanda suka yi hijira bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ne ya kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Wasu da yawa suka zauna a gonakin auduga na Jazira da Gadarif da Kasala. Mutanen ƙasar suna kiransu duka Fallata ko Takari. Yadda Hausarsu ta cuɗanya da Larabci, da kalmomin da ta ara da waɗanda ta riƙe alhali mu nan gida mun yar da su, malamin wannan cibiya ne ya zauna ya rubuta, wato Farfesa al-Amin Abu Manga, wanda littafinsa kan Fulatancin Sudan ya fito a 1986, na Hausar Sudan kuma a 1999, duka a Jamus. Littattafan suna nan a ɗakunan karatu na duniya. Abin da ba ya tafiya da littafi shi ne ɗanyen kayan da aka gina bincike irin wannan a kansa: kaset-kaset, littattafan da mai bincike ke rubutu a ƙauye, da kundayen ɗalibai da ba a taɓa bugawa ba.

Kundayen digiri kuwa, matattararsu ita ce Maktabatus Sudan, wato sashen babban ɗakin karatun jami'ar da aka keɓe don duk abin da aka rubuta kan ƙasar. Tun kafin yaƙi jami'ar ta fara ɗora wasu daga cikinsu a intanet.

Hayin Kogi

Umdurman, a yammacin Nilu, tana da nata tarihin karatu wanda bai bi ta hannun Turawa sosai ba. Ma'ahadul Ilmi da aka tsara a 1912 ƙarƙashin Shehu Abul Ƙasim Ahmad Hashim, a kan salon Azhar, shi ne ya zama Jami'ar Musulunci ta Umdurman a 1965. Gwamnatin Numairi ta rage mata matsayi zuwa kwaleji a 1969, ta mayar mata da shi a 1975. Makarantar 'yan mata da Babikir Badri ya fara a Rufa'a a 1907 ita ce tushen Kwalejin Ahfad ta Mata, wadda ɗansa Yusuf Badri ya buɗe a Umdurman a 1966, ta zama jami'a a 1995. Tsangayar Ilimi ta Jami'ar Hartum ma a Umdurman take, kamar yadda ta Aikin Gona da ta Dabbobi suke a Shambat, a Hartum ta Arewa.

Wannan yawan sauya suna da matsayi ciwon kai ne ga mai neman takarda, ko da zaman lafiya ake. Reshen Jami'ar Alƙahira da ke Hartum tun 1955 gwamnatin Sudan ta karɓe shi a 1993 ta mayar da shi Jami'ar Nilain. Cibiyar Musulunci ta Afirka, wadda ta fara aiki a 1977, ta zama Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa a 1992, kuma ita ce ta fi kowace tara ɗaliban Nijeriya da Nijar. Jami'ar Juba ta yi hijira zuwa Hartum a 1989 saboda yaƙin Kudu, ta yi shekara ashirin da 'yan kai a can, da Kudu ta ɓalle a 2011 sunan ya koma Juba, malamai da ɗaliban da suka rage a Arewa kuma aka yi musu Jami'ar Bahri. Wanda ya gama Jami'ar Juba a shekarun da take Hartum, yau jami'ar da ya yi tana wata ƙasa, ajin da ya zauna yana wata. Bugu da ƙari, a 1990 gwamnati ta ba da umurnin mayar da koyarwa a jami'o'i zuwa Larabci, saboda haka fayil guda yana iya farawa da Ingilishi ya ƙare da Larabci, sunan ɗalibi ɗaya kuma a rubuta shi iri biyu ko uku.

Abin Da Yaƙi Ya Yi

Da can abokan gaban takarda a Hartum sanannu ne: gara, da zafi, da guguwar ƙura da suke kira habub, da ambaliya irin ta 1988. Yaƙin 2023 ya zo da abin da ya fi waɗannan. Babbar harabar Jami'ar Hartum maƙwabciyar hedkwatar sojoji ce, ba ta kuma da nisa da fadar shugaban ƙasa da filin jirgin sama, wato ainihin wuraren da aka fi gwabzawa a kansu. A kwanakin farko ɗalibai da ma'aikata sun maƙale a cikinta kwana da kwanaki, harsashi ya kashe ɗalibi guda, 'yan'uwansa suka binne shi a cikin harabar don babu hanyar fita da gawa. Gidan adana halittu na Tsangayar Kimiyya, mai ɗauke da dabbobi masu rai da samfuran da aka daɗe ana tarawa, ya zama kufai, dabbobin suka mutu don ba mai iya kai musu abinci da ruwa.

A watan Mayu na 2023 wuta ta cinye ɗakin karatun Cibiyar Muhammad Umar Bashir ta Nazarin Sudan da ke Jami'ar Ahliyya ta Umdurman. Muhammad Umar Bashir, wanda ya rasu a 1992, shi ne jigon kafa wannan jami'a ta al'umma a 1986, kuma cibiyar ta tara littattafai da takardu da mujallun da iyalan manyan malamai da 'yan siyasa suka ba da amana don su amfani na baya. Iyalan sun kai su can ne a kan cewa jami'a ta fi gida tsaro. Kafin shekarar ta ƙare ma'aikatar ilimi mai zurfi ta Sudan ta bayyana cewa manyan makarantu da cibiyoyi fiye da 100 ne aka lalata ko aka wawashe. Ɓarawo ba ruwansa da littafin taron sashe, amma yana son kwamfuta da na'urar sanyaya ɗaki da wayar wuta da kabad ɗin ƙarfe, kuma don ya ɗauki kabad sai ya zazzage abin da ke ciki a ƙasa. Kwamfutar kuwa, wadda aka ce ita ce maganin ɓatan takarda, ita ce farkon abin da ake ɗauka.

Jami'o'in ba su zauna ba. Wasu sun koma koyarwa ta intanet, suka buɗe wuraren jarrabawa a garuruwan da yaƙi bai kai ba da kuma ƙasashen waje. Jami'ar Kimiyyar Likitanci da Fasaha ta kai ɗalibanta Ruwanda da Tanzaniya don su ƙarasa aikin asibiti. Sojoji sun ƙwace gidan rediyo da talabijin na Umdurman a watan Maris na 2024, suka karɓe fadar shugaban ƙasa ranar 21 ga Maris, 2025, kuma a watan Mayu na wannan shekara suka ce sun fitar da RSF daga jihar Hartum baki ɗaya. Sai dai komawa cikin gini daban, komawar amana daban. A watan Janairu na 2026 sakataren harkokin karatu na Jami'ar Hartum, Farfesa Ali Rabah, ya ajiye aiki, yana zargin cewa an bar wasu da ba su da hurumi sun kai ga rajistar sakamakon ɗalibai, an kuma yi yunƙurin ƙirƙirar takardun digiri na jabu. Ma'aikatar ilimi mai zurfi ta musanta. Ko ma dai yaya gaskiyar take, maganar kanta hasara ce ga mai digirin halal, don hukumar da ke tantance likita ko injiniya a Abuja ko Riyad ko Landan ba ta da abin dogaro face amsar da jami'ar ta ba ta, kuma ƙarfin wannan amsa yana ga tsofaffin takardun maki da ke sashe, waɗanda za a iya gwada rajistar da su.

Kwafin Da Ke Waje

Wasu abubuwan sun tsira domin suna da kwafi a nesa. Jami'ar Durham a Ingila tana da ma'adanar takardun Sudan da Richard Hill ya kafa a 1957, cike da wasiƙu da hotuna da rahotannin Turawan da suka yi aiki a ƙasar, har da malaman Kwalejin Gordon. Jami'ar Bergen a ƙasar Nowe tana da hotunan takardu masu yawa da Farfesa O'Fahey ya tara, da tarin littattafan Mahmud Salih. Shekaru kaɗan kafin yaƙin, shirin Sudan Memory, tare da Kwalejin King ta Landan, ya ɗauki hotunan dubban takardu da hotuna daga cibiyoyin ƙasar. Ita ma ma'adanar takardu ta ƙasa, Darul Wasa'iƙ, wadda Dokta Muhammad Ibrahim Abu Salim ya riƙe tun daga 1955 har shekara arba'in, ta ga masu bincike da yawa sun kwafi takardun zamanin Mahadi sun buga.

Amma a duba irin abin da ake kwafa. Bature yana ajiye abin da Bature ya rubuta. Mai ba da tallafi yana son tsohon rubutun hannu mai ado, da hoton sarki, da taswira. Ba a cika samun mai ba da kuɗi don a ɗauki hoton takardar makin 'yan aji biyu na sashen haɗa magunguna ba, alhali ita ce takardar da rayuwar wani ke rataye a kanta. A ganina wannan shi ne babban giɓin, kuma ba a Sudan kaɗai yake ba. Muna da Gidan Arewa a Kaduna tun 1970, da ma'adanar takardu ta ƙasa a can, da Gidan Mambayya a Kano, da cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato, da tarin rubuce-rubucen da Bubu Hama ya assasa a Yamai. Duk suna kula da takardun sarakuna da malamai da 'yan siyasa. Takardun sassan jami'o'inmu kuwa suna hannun dattijon akawun nan da makullinsa.

Akwai wani kwafin da ba a lissafa shi, kuma yana hannunmu. Tun daga zamanin Bakht al-Ruda zuwa yau, 'yan Nijeriya da Nijar da suka yi karatu a Sudan sun dawo da kaya a akwatunansu: littafin ƙa'idojin tsangaya, jadawalin darussa, tambayoyin jarrabawa, takardar sakamakon kowane zango, katin shaida, hoton aji da sunaye a bayansa, da kwafin kundin digiri mai sa hannun malamai. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗaliban Sudan da ke garuruwanmu za su iya tattara waɗannan, a ɗauki hotonsu, a mayar wa kowa nasa, a ajiye kwafi ɗaya a wata jami'a ta gida, a aika wa jami'ar da abin ya fito daga gare ta da ɗaya. Littafin bikin yaye ɗalibai na shekara guda kaɗai yana ɗauke da sunayen waɗanda suka gama da tsangayar kowa, kuma irinsa yana nan a ƙasan adaka a gidaje da dama a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Damagaram.